Tafi Ba Ya Tada Jirgi

Duk lokacin da aka ambaci Chuck Yeager, Ba'amurken da ya fara zarce gudun sauti da jirgin sama ranar 14 ga Oktoba 1947, sai masu ba da labari su maƙale a kan jarumta: ya faɗo daga kan doki kwana biyu kafin ranar, haƙarƙarinsa biyu suka karye, ya ɓoye wa shugabanninsa, ya rufe ƙofar jirgin Bell X-1 da guntun sandar tsintsiya. Duk gaskiya ne. Amma nan ne labarin ya fi ƙarancin amfani, kuma shi aka fi ɗura wa yara.

Abin da ake tsallakewa shi ne, a 1941 Yeager ya shiga soja a matsayin bakaniken jirgi, ba shi da digiri. Rundunar ce ta buɗe wa ƙananan sojoji ƙofar koyon tuƙi, ya bi ta ciki. Shi kansa gwajin jirgi ba kasada ba ce irin ta ɗan kabu-kabu. Ana ƙara gudu ne kaɗan-kaɗan, tashi bayan tashi, na'urori suna rubuta duk motsin jirgin. Da X-1 ya daina bin umarnin matuƙi gab da gudun sauti, ƙarfin zuciya bai magance komai ba. Injiniya Jack Ridley ne ya ba da shawarar a riƙa motsa fikafikan wutsiya gaba ɗayansu.

To, a bi babbar hanyar da ta ratsa Birnin Konni da Malbaza, a leƙa garejojin bakin titi. Akwai samarin da ke gane ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe shi. Wa ya taɓa tunanin buɗe musu irin waccan ƙofa? Wanda bai gama lise ba, an riga an yanke masa hukunci: baƙin mai da sifana har tsufa.

Idan kuma wani ya yi ƙoƙarin kansa, sai a biya shi da tafi. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, ya ɗaga shi ƙafa bakwai daga ƙasa. Jaridun duniya suka ɗauka, jama'a suka yi kabbara. Alhali abin da yake bukata shi ne fili, da kayan awo, da injiniyan da zai ce masa nan ka yi kuskure.

Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sojan Nijar a 2015, aka yi ta guɗa. Da lokacin koyon tuƙa C-130 ya zo, sai da ta tafi Little Rock a Amurka, can ta kammala a 2020.