Ku karanta tarihin Turawan Ingila, ku sha dariya, ku daina raina kanku

Wata magana da wani matashi ya yi a teburin mai shayi kusa da tashar Illela ita ce ta hana ni sakat a wannan makon. Wai da Turawan Ingila sun ci gaba da mulkinmu, da yanzu mun wuce haka, domin su cikin tsari aka halicce su, ba a taɓa cin su da yaƙi ba, ba su san rikici ba. Abin da ya fi ci mini rai, har da masu furfura a cikin masu gyaɗa masa kai.

Yaro, matso ka ji. Rumawa sun ci tsibirin Turawan Ingila a shekara ta 43, suka zauna kusan shekara 400, har sarkinsu Hadrian ya sa aka gina ganuwa daga teku zuwa teku ta raba shi. Su ma baƙi sun taɓa shata musu iyaka. A 1066 William ya haye ruwa daga Normandy ta ƙasar Faransa, aka kashe Sarki Harold a fagen daga, aka kwashe kusan shekara 300 fadar Ingila da Faransanci take magana, talaka yana jin iyayen gidansa suna yaren da bai sani ba.

Sarakunansu fa? Henry na Takwas mata shida ya aura, ya sa aka fille kan biyu, kuma da Fafaroma ya hana shi rabuwa da uwargidansa sai ya ɓalle ya zama shugaban cocin ƙasarsa a 1534. A 1649 suka yanke wa Sarki Charles kai, bayan shekara 11 suka je suka ɗauko ɗansa suka naɗa. A 1714 kuwa Jamus suka tafi suka samo sarki wanda Ingilishi bai zauna masa a baki ba. A 1858 ɗoyin kogin Thames ya kai ga 'yan majalisa suna tserewa daga ɗakunan taro da hankici a hanci. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Gaskiya ɗaya dai, bayan wannan ɗoyi sun haƙa magudanan da London ke amfani da su har yau, kuma wannan hali na gyara ya kamata mu koya.

Amma labarin da na fi so in ba ku a ƙofar gidanmu ya faru. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, kamar masu rabon naman watanda da ba su ga saniyar ba. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya faɗa cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna alhali ba su san inda suke ba. A 1898 suka sake zama a Paris, aka ɗora tsinin ma'auni a kan Sakkwato, aka zana da'ira mai nisan mil 100. Ku tuna, sai a watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka shiga Sakkwato. Sun raba gari tun ba su taka shi ba.

Faransawa suka koma suna kuka, wai layin ya tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin dajin da ba rijiya. A 1904 aka yi ciniki: Faransa ta saki wani tsohon haƙƙinta na sana'ar kifi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada, Ingila kuma ta biya ta da wasu yankuna, ciki har da matso da iyakar nan kudu. Maraɗi ta tafi. A 1906 aka ƙara gyara, wakilan ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamomi 148, Ƙonni ta wayi gari a hannun Faransa, Illela a hannun Ingila. Kifin da kakanninmu ba su taɓa gani ba yana cikin dalilan da suka sa yau kake nuna takarda kafin ka gai da gwaggonka. Kafin Afrilun 1972 ma, direba yakan bar Illela yana bin hannun hagu, yana shiga Ƙonni ya koma dama. Kuma mutanen da suka shata mana wannan layi a kan tebur, bayan ƙuri'arsu ta ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, shekaru suka yi suna cacar baki kan iyakarsu da Ireland.

A nan dariyata take ƙarewa. Bature ya tafi tun 1960, amma namu shugabannin sun fi shi riƙe layinsa. An rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka lalace, kasuwar Lahadi ta yi sanyi, masu ƙananan sana'o'i suka karye. Wa ya tambayi talakan Illela ko na Ƙonni? Maratta, mahaifar Shehu Usmanu, yau ƙasar waje ake ce mata! Na sha faɗa, ranar da aka kori darasin tarihi daga ajin yara aka fara haifar mana matasa masu kewar mulkin mallaka. Wanda ya cire shi ya cuce mu.

Malamai da iyaye, ku ba yara tarihin Ingila yadda yake, da ɗoyinsa da gyaransa, sannan ku ba su na Gobir da Sakkwato. Yaron da ya san su biyun ba zai ƙara cewa an halicci wani ya fi shi ba.