A daina yi wa takardar sana'a fassarar ganin dama

Jama'a, maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai taso daga Maraɗi ko Damagaram neman aiki a injinan shinkafa na Kura, da takardarsa ta CAP ko BTS da Faransanci. Sai a kai ta shagon kwamfuta wai a fassara. Wannan ya rubuta masa difloma, wancan ya ɗaga shi ya ce injiniya. Haba! CAP fa shaidar sana'a ce ta matakin farko. BTS kuwa karatun shekara 2 ne bayan Bak, shi kuma Bak kammala sakandare ne, ba digiri ba.

Ku dubi Sifaniya. Suna da Técnico Superior, karatun sana'a na shekara 2, awa 2,000, har da zaman koyon aiki a kamfani. In za a kai ta waje, ba a goge sunan na asali. Ana haɗa ta da takardar Europass mai bayyana abin da mutum ya koya da aikin da zai iya, a kuma rubuta ƙarara cewa fassarar sunan ba ta da ƙarfin doka. Shi ke nan, babu cuta babu cutarwa.

Mu kuwa suna muke bi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin kanal zuwa Kadawa da Bunkure, kuma masu gyaran injin ban ruwa ne ke riƙe da noman ranin nan. Akwai wanda da jin ƙarar inji zai gaya maka ciwonsa, amma ko fallen takarda ba shi da shi. In kwangila ta zo, mai takardar da aka kumbura ya karɓe, ya ɗauki gwanin a matsayin lebura. In bai ɗauke shi ba fa? Inji ya ƙone tsakiyar rani, tumatirin talaka ya bushe.

Kuma hanya tana nan. Ma'aikatar Ƙwadago na gwajin Trade Test, aji 3 zuwa 1. Hukumar NBTE da ke Kaduna na da tsarin ba da shaida ga wanda ya koyi sana'a a wurin ubangida. To, wa ya taɓa yi wa bakaniken Bunkure bayaninsa da Hausa? Don Allah shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ku nemi a kawo gwajin nan Kura kafin rani. Masu injin shinkafa kuma, ku bar takarda da sunanta, ku miƙa wa yaro sifana ku gani.