Baƙin Tabarau: Kuɗin Suna Daban, Kuɗin Kare Ido Daban

A manyan filayen jiragen sama irin na Dubai da Istanbul akwai wani shago da matafiyi ba ya rasa gani. Bango ne guda cike da baƙaƙen tabarau, kowanne a gurbinsa, fitila tana haska shi tamkar gwal: Ray-Ban, Oakley, Persol, Prada, Versace, Burberry. Ray-Ban na yau da kullum yakan kama daga dala 150 zuwa sama, wato kusan albashin wata uku ga ma'aikacin Najeriya da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A bakin danja a Kano ko Kaduna ko Yamai kuwa, ga yaro riƙe da allo cike da tabarau masu irin wannan fasalin, wasu har da irin waɗannan sunayen, a kuɗin da bai wuce na kwanon abinci ba.

Mutane da yawa sun ɗauka zaɓi biyu ne kawai ke gabansu: ko su runtse ido su biya kuɗin na asali, ko su sayi jabu su rufa wa kansu asiri. Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi dacewa da hankali: tabarau marar babban suna, wanda bai ari sunan kowa ba, wanda aka tabbatar yana kare ido. Fahimtar hakan na buƙatar sanin abu biyu: inda kuɗin mai tsadar ke tafiya, da abin da ido ke nema daga gilashi.

Sunaye da yawa, gida ɗaya

A 1961 wani ɗan Italiya mai suna Leonardo Del Vecchio, wanda ya tashi a gidan marayu a birnin Milan, ya buɗe ƙaramar masana'antar sassan tabarau a garin Agordo da ke arewacin ƙasar. Sunanta Luxottica. A 1988 ya ƙulla yarjejeniya da Giorgio Armani: kamfanin zai ƙera tabarau, ya sa masa sunan Armani, ya biya ladan sunan. Daga nan sauran manyan gidajen ado suka biyo layi, irin su Chanel da Prada da Versace da Burberry. Mafi yawan waɗannan gidaje ba sa ƙera tabarau da kansu. Hayar sunansu suke bayarwa.

Kamfanin bai tsaya nan ba. Ya sayi Persol a 1995, ya sayi Ray-Ban daga hannun Bausch & Lomb na Amurka a 1999, ya sayi Oakley a 2007. Ya kuma mallaki shagunan da ake sayar da kayan, ciki har da LensCrafters da Sunglass Hut. A 2018 ya haɗe da Essilor na Faransa, babban mai ƙera gilasan ido na duniya, suka zama EssilorLuxottica. Saboda haka matafiyin da ke tsaye gaban wancan bango yana kwatanta wannan suna da wancan, sau da yawa kayan gida ɗaya yake kwatantawa, wani lokaci ma a cikin shagon wannan gidan.

Labarin Ray-Ban ya isa misali. A 1937 aka fara sayar da shi, bayan an ƙera samfurinsa domin matuƙa jiragen saman sojin Amurka. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 darajarsa ta faɗi, har a gidajen mai ana samunsa da araha. Da Luxottica ya saye shi, sai ya janye shi daga dubban ƙananan shaguna, ya gyara ingancinsa, ya ɗaga farashinsa, ya mayar da shi kayan alfarma. An inganta ƙirar, babu musu. Amma babban abin da ya sauya shi ne matsayin sunan a idon jama'a. Cikin kuɗin da mai saye ke biya akwai ladan suna, da kuɗin talla, da hayar shago a wuri mai tsada, da ribar kamfanin da masu gasa da shi ba su da yawa.

Adalci ne a faɗi abin da tsadar ke saye. Firam mai nagarta ya fi ƙarko, mahaɗin hannuwansa ba ya saurin kwancewa, gilashinsa ba ya saurin karcewa, kuma idan ya lalace ana samun kayan gyara. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wanda yake da hali kuma yake son ado, babu laifi a kansa. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa lafiyar ido ce ke da wannan tsadar.

Abin da ido ke nema

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Shi ne ke ƙona fata, kuma a hankali yana yi wa ido illa shekara bayan shekara. Yana daga cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, wadda ita ce kan gaba wajen jawo makanta a duniya, kuma binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya same ta a kan gaba a ƙasar. Yana kuma haddasa wani tsiron nama da ke tasowa daga farin ido yana rarrafawa zuwa baƙinsa. Wannan ciwo ya fi yawa a ƙasashe masu zafin rana da ƙura da busasshiyar iska, siffofin da duk wanda ya san hunturu da bazara a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a bayyana masa.

Tare wannan haske ba abu ne mai tsada ba. Robar da ake kira polikabonet, wadda da ita ake yin gilasan tabarau masu yawa, a ɗabi'arta take shanye kusan dukansa, sauran robobi kuma ana ƙara musu sinadari mai araha su yi wannan aikin. Alamar UV400 da ake gani a jikin tabarau na nufin gilashin yana tare haske har zuwa tsawon nanomita 400, wato ya rufe dukkan kason da ke cutarwa. Idan alamar gaskiya ce, tabarau na dala 10 da na dala 400 kariya ɗaya suke bai wa ido ta wannan fuska.

Duhun gilashi kuwa lamari ne na daban. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 12312-1 ta kasa shi mataki biyar, daga 0 zuwa 4. Mataki na 3, wanda ke barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce, shi ya dace da rana mai ƙarfi. Mataki na 4 ya yi duhun da bai halatta a yi tuƙi da shi ba. Haka nan rubutun Polarized: ma'anarsa gilashin yana kashe ƙyallin da ke tashi daga kwalta ko ruwa, abin da ke sauƙaƙa wa direba, amma ba shi ne kariyar UV ba.

Inda jabu ke cutarwa

Nan ne haɗarin yake. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana tsukewa a cikin haske, tana buɗewa a cikin duhu. Wanda ya fita rana ido tsirara, ƙofar za ta tsuke, shi ma zai ƙanƙance ido. Wanda ya sa baƙin gilashin da ba ya tare UV kuwa, ya yaudari idonsa: ƙofar ta buɗe saboda duhu, hasken mai cutarwa ya sami hanya mai faɗi. Gara rashin tabarau da irin wannan tabarau.

Ba kowane na bakin titi ne haka ba. Da yawa cikinsu suna tare hasken. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar sani ta duban ido, kuma wanda ya buga tambarin Gucci na ƙarya ba zai ji nauyin manna takardar UV400 ta ƙarya ba. Mai sayen jabu ya biya kuɗin sunan da ba na gaske ba, ya kuma karɓi alkawarin da babu mai tsaya masa.

Yadda ake zaɓe

Wuri mafi aminci shi ne asibitin ido ko shagon ƙwararren mai gwajin ido da ke da rajista. A irin waɗannan wurare ana iya zaɓar firam mai sauƙin kuɗi a yanka masa gilashi mai kariya, har da na magani ga mai buƙata, kuma wasunsu suna da na'urar auna UV da ke ba da amsa cikin ɗan lokaci. Ga mai tafiya ƙetare, kamfanoni irin su Decathlon da Uniqlo suna sayar da tabarau da sunansu na kansu, da bayanin kariyarsa a rubuce, a ɗan ƙaramin kaso na farashin manyan sunaye.

Akwai kuma gwaje-gwajen da mutum zai iya yi da kansa. Ƙaramar tocilan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita UV take fitarwa. Idan aka haska takardar kuɗi ta cikin gilashin, ɓoyayyun alamominta suka ci gaba da ƙyalli kamar babu komai a tsakani, to gilashin ba ya tarewa. Gwajin bai kai na asibiti ba, amma yana tona mafi munin jabu. Domin duba lafiyar gilashin, sai a riƙe shi nesa kaɗan, a kalli miƙaƙƙen layi kamar gefen ƙofa, a motsa shi a hankali. Idan layin yana lanƙwashewa, gilashin zai gajiyar da ido ya jawo ciwon kai. Wanda aka ce yana kashe ƙyalli kuma, a kalli fuskar kwamfuta ta cikinsa ana juya shi. Na gaske zai yi duhu a wata kusurwa.

Fasali ma yana da muhimmanci. Haske da ƙura suna shiga ta gefe da ta sama, don haka babban gilashi da ya rungumi fuska ya fi ɗan siririn da ake yayi. Malafar da manoma da makiyaya suka gada kuwa tana rage kaso mai yawa na hasken da ke isa ido, kuma haɗa ta da tabarau ya fi kowannensu shi kaɗai.

Waɗanda suka fi buƙata

A ƙasar Hausa baƙin tabarau ya daɗe yana ɗauke da wata ma'ana. Kayan 'yan gayu ne, ko na masu mulkin da ba sa so a karanci idonsu. Har yau da wuya a tuna Janar Sani Abacha ba tare da nasa ba. Yaron da ya tsaya gaban dattijo da shi a fuska, rashin kunya za a kira abin. Manyan kamfanoni sun ƙarfafa wannan kallon, domin ado suke sayarwa.

Sakamakon haka, tabarau ya fi yawa a fuskar wanda ke fita daga mota mai sanyi ya shiga ofis mai sanyi. Manomi da makiyayi da ɗan acaɓa da mai ba da hannu a titi da masunci da mai talla, waɗanda ke wuni rana a kansu, su ne ba su da shi, ko kuma suna da wanda ba a san ingancinsa ba. Zabiya, wanda haske ke wahalar da idonsa fiye da kowa, yana cikin wannan sahu, haka ma yara.

Kuɗin Ray-Ban guda ɗaya zai iya sayen ingantaccen tabarau ga direban gida da maigadi da masu aikin gona, har a sami canji. Hukumomin lafiya da ƙungiyoyin da ke shirya aikin yanar ido kyauta za su iya sanya wannan cikin wayar da kan da suke yi, masu kula da ingancin kaya kuma su riƙa gwada abin da ake shigowa da shi, yadda alamar UV400 za ta zama magana mai nauyi a kasuwa. Ana iya sake firam, ana iya sake suna idan yayi ya wuce, amma ido biyu ne kawai, kuma abin da zai kare su bai fi ƙarfin aljihun talaka ba.