DAGA ƘOFAR KIBO: Kwambar Amarya, Rakiya Ce Ko Tsere?

  

Yau kalma ɗaya tak na ɗauko mana, kalmar da kowacce ranar biki sai kin ji ta a bakin abokan ango: kwamba. "An haɗa kwamba?" "Mota nawa ce a kwambar?" "Kai, kwambar wance ta fi ta wance." Mu da ke zaune kusa da bakin ganuwa ba ma bukatar katin gayyata kafin mu san ana kai amarya. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi, musamman in azumi ya gabato, ham ɗin motoci da ƙarar taya su ne ke sanar da mu. Sai ki ga uwa ta fito ba mayafi tana kwashe 'ya'yanta daga bakin titi. Sunan ƙofarmu ma yakan tuna wa mutum kibiya, to wallahi haka motocin nan suke wucewa.

Kalmar dai ba tamu ba ce. Aro muka yi daga Turanci, convoy, bakinmu ya murɗa ta ta koma kwamba, kamar yadda ya murɗa mana birki da giya da sitiyari. Su ma Ingilishin daga Faransanci suka ɗauko, kuma asalin ma'anarta ita ce a raka mutum a hanya. Rakiya ke nan, ba ƙari ba ragi.

Da yake Turawan Ingila mutanen teku ne, suna da sunaye iri-iri na taron jiragen ruwa, kamar yadda mu muke da garke da ayari da tawaga da runduna. Jiragen da ke ƙarƙashin mai gida ɗaya ko sojan ƙasa ɗaya su ne fleet, har kamfanin motocin haya ma haka ake kiran tarin motocinsa. In 'yan kaɗan ne ko ƙanana, flotilla. In rundunar yaƙi ce gangariya, armada, sunan da ya samo shahara daga jirage kimanin 130 da sarkin Sifaniya ya tura wa Ingila a 1588. Mu da ba mu da teku, duk wannan "rundunar jiragen ruwa" ta wadatar da mu. Ai jirgin ma na ruwa muka fara sani, sai da dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911 aka samu jirgin ƙasa, daga baya na sama ya zo. Amma duk cikin waɗannan kalmomi, convoy kaɗai muka ga dama muka ara, ita ce kuma wadda ta fi kowacce ƙa'ida.

Ga yadda abin yake. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun addabi jiragen da ke kai wa Ingila abinci, suna nutsar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ɓarnar ta yi yawa a 1917, sai Ingila ta koma tara jiragen kaya wuri guda, su tashi tare, jiragen yaƙi suna tsaronsu ta gefe. Asarar ta ragu ƙwarai. A yaƙin Hitila ma haka aka yi a tekun Atilantika. Sharaɗin tafiyar kuwa shi ne, duk jirgin da ya shiga kwamba, komai lafiyar injinsa, da saurin wanda ya fi kowa nawa zai yi tafiya. Ba mai wuce wani, ba mai barin layinsa, don wanda ya ware shi ne naman abokan gaba.

Kin san irin gudun da suke yi? Ma'aunin gudun jirgin ruwa sunansa knot, wato ƙulli, saboda a da igiya mai ƙulle-ƙulle suke saki a ruwa suna ƙirga ƙulli nawa ya zare a ɗan lokaci. Ƙulli ɗaya bai cika kilomita 2 a awa ba. Kwambar jiragen kaya a yaƙin Hitila ƙulli 7 zuwa 9 take yi, kilomita 13 zuwa 17 ke nan a awa ɗaya. Yaron da aka aika sayen kalanzir a keke zai iya jerawa da su. Da wannan tafiyar hawainiya suka riƙa ƙetare teku da abincin ƙasa guda.

Kada kuma wani ya ce wayon Bature ne. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sun riga su sani. Ayari yana da madugu, uban tafiya, wanda in ya ce a tashi a tashi, in ya ce a ya da zango a ya da. Yana da jagaba mai shiga gaba yana duba hanya. Tafiyar watanni ce, da jakuna da 'yan alaro da mata, kuma ba a taɓa jin mai doki ya zabura ya bar masu jaki a dokar daji don dokinsa ya fi gudu ba. Ba wai ba mu san gudu ba ne. Wa ya kai Bahaushe kalmomin tafiyar doki? Akwai kilisa, akwai sassarfa, akwai sukuwa, akwai zamiya. Amma kowacce da muhallinta. Ko a hawan Daushe, jerin gwano ake yi ana takawa sannu a cikin gari, sai an zo filin ƙofar fada, an buɗe wuri, sannan a saki linzami a kai jafi.

To mu da muka gaji ayari muka kuma ari kwamba, me muke yi ranar kai amarya? Ba madugu, ba jagaba. Yaron da ko gemu bai fara ba, an ba shi makullin motar yayansa albarkacin biki, ya loda 'yanmata bakwai a bayan mota, ya taka totur har ƙasa. Wannan ya sha gaban wancan, wancan ya bi hannun da ba nasa ba, masu babura suna wasa a tsakani, wani ya fito da rabin jikinsa ta taga yana ɗauka a waya. 'Yanmatan kuma, Allah Ya shirye mu, su ne masu zugawa: "Direba ba ta wuta, kada su riga mu!" Su riga ku ina? Ɗakin amaryar guduwa zai yi?

Bari mu yi lissafi irin na cefane. A ce daga gidan su amarya a cikin Birni zuwa gidan ango kilomita 10 ne. In an tafi a kan 50, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta yanka wa ƙananan motoci a cikin gari, minti 12 ne. In an tafi a kan 100, minti 6. Ribar duka minti 6 ce, ko shafa hoda ba ta isa ba. Ga kuma abin da aka saya da ita: motar da allurar malejinta ke kan 100 tana cin mita 28 a sakan ɗaya, tsawon motoci shida a jere, tun kafin ƙafar direba ta bar totur ta sami birki. In birkin ya kama kuma, tazarar da za ta ja kafin ta tsaya ninki huɗu ce ta mai tafiya a kan 50, ba ninki biyu ba. A titunanmu na cikin ganuwa, inda almajiri da akuya da mai tallan gyaɗa duk hanyarsu ɗaya, ina aka ga wannan fili?

Akwai wani abu kuma da direbobi tsofaffi suka sani, yara ba su sani ba. A kwamba, motar baya ta fi ta gaba gudu ko da kowa mai hankali ne. Ta gaba ta wuce mararraba, ta biyar ta tsaya ba wa mai keke hanya, rata ta buɗe, sai ta ƙara wuta don ta cim musu. Ta shida ta ƙara fiye da haka. Kafin a kai ta goma, wanda ke ciki tsere yake yi alhali na gaba yana ganin a hankali yake tafiya. Kuma wa ake zubawa a motocin baya? Ƙananan yara, da tsofaffin da ba su sami wuri a gaba ba. Shi ya sa motar gaba ya kamata ta fi kowacce sanyi, ta riƙa jira, a kuma gaya wa kowane direba kwatancen gidan tun kafin a tashi don kada tsoron ɓata ya sa shi bin na gabansa ido rufe.

Na san za a ce a manya aka gani. Gaskiya ne. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma jiniya ba ta fasa korar talaka daga titi ba. A watan Nuwamba na 2013, Farfesa Festus Iyayi, marubuci kuma tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu kusa da Lakwaja a hanyarsa ta zuwa taro Kano, sa'ad da wata mota daga kwambar gwamnan Kogi na lokacin ta yi karo da tasu. Yaranmu suna ganin irin wannan wucewa suna ɗauka ita ce isa. Littattafan soyayya ma wasunsu ba su taimaka ba, inda ake auna son da ango ke yi wa amarya da yawan motocin da suka zo ɗaukarta da yadda suka tashi ƙura.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce amaryar. Tana lulluɓe, tana kukan rabuwa da gida, al'ada ta ɗaure mata baki, ko motar za ta tashi sama ba za ta ce uffan ba. Saboda haka maganata da ke ce, Gwaggo, ke da aka damƙa wa amanar 'yar mutane kika zauna a gefenta. Bakinki a buɗe yake. Tun a ƙofar gida ki tambayi wanda zai ja motar, in yaro ne ki ce a sake. In an hau hanya ya fara rawar kai, ki ce, "Ɗan nan, tsaya mu sauka." Ba abokin angon da zai yarda a ce amarya ta sauka a titi saboda shi. Kai kuma ango, cikin abokanka akwai mai natsuwa guda, ka san shi. Naɗa shi madugu, ka sa shi a gaba, motar amarya tana biye, ka kuma faɗa da bakinka cewa duk wanda ya wuce ta ba da yawunka ba. Mota biyar masu lafiyayyen birki sun isa kai kowacce 'ya ɗakinta, sauran jama'a su zo washegari ganin ɗaki.

Masu aiko da wasiƙu a kan maganar lefe, na gani, ina nan tafe da amsoshinku a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A gaida yara.

Taku har kullum, daga Ƙofar Kibo, Zariya.