Dutsen Washin Aska: Ku Duba Kafin Ku Ba Yara

Kwanan baya mun je gaisuwa gidan wani almajirinmu, sai muka tarar da ƙanensa a tsakar gida yana wasa adda a kan wani ɗan dutse mai launi biyu. Da muka tambaya, aka ce daga zabirar kakansu ya fito. Adda ta riga ta cinye tsakiyarsa har ya yi kwari. Abin ya dame mu, gama dutsen aska ne, kuma irinsa yana da wuyar samu yanzu.

Tun da Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904, aska ta yi ta ja da baya a ƙasashen Turawa, duwatsunta kuma suka koma cikin akwati. To, yaya za mu gane su?

Ku fara wanke dutsen da ruwa da sabulu, domin datti yana ɓoye launi. In sama ruwan ƙwai ne mai haske, ƙasa kuma shuɗi mai duhu, mai yiwuwa na Beljiyam ne, wanda ake haƙowa wajen garin Vielsalm. Turawa suna kiransa kotikul. A cikinsa akwai ƙwayoyin wani ma'adini mai tauri, ganet, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu, su ne suke cin ƙarfe. In an jiƙa shi aka goga masa wani ɗan gutsure irinsa, sai ruwan ya yi kamar madara. Muddin ruwan yana da kauri, dutsen yana ci da sauri. A riƙa ƙara ruwa kaɗan kaɗan har a ƙare da ruwa zalla, nan ne kaifi yake yin laushi. Mu dai a ganinmu, ga mai dutse ɗaya tak, babu kamarsa.

Na Turingiya a Jamus toka-toka ne, wani da ɗan kore, yana da santsi. In da tsohuwar takarda mai sunan Escher a bayansa, kada ku ɓare ta. Ruwa kaɗai ake sa masa, ban da mai. Na Arkansas a Amurka kuwa da mai aka saba aiki da shi, yana da tauri ainun, wani ma haske yana ratsa gefensa in an ɗaga shi ga fitila.

Dutsen da ya yi kwari ba ya wasa aska. A zana masa layuka da fensir, a shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi, a jiƙa, a goga har layukan su ɓace duka. Haka muka yi wa na gidan nan, ya ci mana yamma guda.

Wajen washi, a kwantar da aska sarai, bayanta da bakinta duka suna taɓa dutse. A tura baki gaba, a juya ta kan bayanta, a dawo. Kada a danna. Nauyinta ya isa. Sa'an nan a goga a fata kamar yadda wanzamai suke yi, amma yanzu baya ne yake gaba, in ba haka ba za ta yanke fatar. A gwada ta a gashin hannu. In ta ja gashin maimakon ta yanke, a koma kan dutse da ruwa zalla.