Kowace kalmar yawa da mazauninta

Ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke rubuta wa yara abundantly, profusely, copiously da heavily a allo, mu ce duk "da yawa" suke nufi, su haddace. Shi ya sa ɗalibi zai rubuta "I thank you heavily" a jarrabawar WAEC, yana ganin ya burge mai duba takarda.

Kowacce da inda take zama. Profusely ta fi tafiya da zufa, zubar jini, godiya da ban haƙuri. Ruwan sama heavily ake ba shi. Abundantly kuwa ta manne wa clear, musamman a bakin lauyoyi da 'yan siyasa. Ai mu ma ba ma cewa "na gode birjik", ko da yake birjik yawa ce.

Wanda ya fi ɓarna shi ne too much. Yaro zai rubuta yana son mahaifiyarsa too much, alhali ya ce son ya wuce kima ke nan. Malamai mu bar jerin kalmomi, mu riƙa ba yara cikakkiyar jimla daga littafi ko jarida.