Manhajar kyauta: wa zai riƙa kula da ita?

Duk wanda ya ga yadda sidi ya faɗi warwas a gaban dala a 2022 ya san haɗarin biyan kuɗin manhaja da dala. Airtable da Retool haka suke caji, kowane ma'aikaci da kuɗinsa duk wata.

Shi ya sa buɗaɗɗun manhajoji irin su Baserow da Budibase da Appsmith ke jan hankali. Kana iya ɗora su a kan sabarka, ka haɗa rajistar kaya ko ta masu bashi ba tare da ka zama gwanin rubuta manhaja ba. Baserow ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Excel. Appsmith kuwa tana son wanda ya ɗan iya JavaScript.

Amma fa kyautar ba ta kai ga kuɗin saba da sabuntawa da ajiye kwafin bayanai ba. Kuma a Gana, dokar kare bayanai ta 2012 kai za ta kama in bayanan kwastomomi suka fita.

Don haka ɗan kasuwar Kumasi ko Nima ya fara tambayar kansa: in yaron da ya haɗa min ita ya tafi, wa zai gyara? In babu amsa, arhar za ta zama tsada.